Kafin ka sayi janareto: lissafin gida daban, na gona daban

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen janareto a kasuwa ya san yadda cinikin ke tafiya. Ka nuna wani ja mai tayoyi, yaron shago ya jawo shi bakin ƙofa, ya ɗura masa fetur rabin gora, ya fizgi igiya sau ɗaya inji ya tashi. Sai ya jona ƙwan fitila guda, ya kama tar. "Alhaji ka ji sauti? Wannan har esi zai ɗauka, ba ruwansa." Kai kuma ka dubi jikin tanki ka ga an rangaɗa lamba da manyan baƙaƙe, 4500 ko 6500, ranka ya yi fari, ka ƙirga kuɗi. Sai an kai gida, daren farko, firiza ta tashi, ka ji injin ya yi wani gurnani kamar an shaƙe shi, fitilu su lumshe, fanka ta rage gudu. Daga nan an fara zarya wurin bakanike.

A da irin wannan kuskure yana da sauƙin haƙuri, domin mai yana da araha. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, kuma a Oktoban 2024 ta tsallake dubu. A cikin wannan watan ne kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ake ratse da shi shi ma ya samu matsala. 'Yan Nijar sun riga mu ɗanɗana irinta a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki. Janareto dai ya zama dole, amma ciyar da shi ya zama aiki. Kuɗin da za ka biya a shago shi ne ƙarami a cikin lissafin. Babban yana gidan mai, kullum, shekara da shekaru.

Ga ƙaramin misali. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta mai da kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, mutane suka yi ta kuka. To ƙaramin janareton fetur, in yana ɗauke da lodi daidai ƙarfinsa, abin da yake fitarwa daga lita ɗaya bai wuce yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ba. In lita tana naira dubu, yunit ɗinka ya kama 500 zuwa kusan 700 ke nan, ban da baƙin mai da gyara. Wannan fa a yanayi mai kyau ne. In ka kunna ƙaton inji don ƙwai biyu da fanka ɗaya, yunit ɗin sai ya kai dubbai. Dalili kuwa shi ne, janareto na yau da kullum dole ya yi ta juyawa sau 3,000 a minti ɗaya don ya ba da wuta irin tamu mai 50Hz, ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. Babban inji ko a zaune yake yana shan mai na babban inji. Shi ya sa maganar nan ta "sayi babba ka huta" ba kullum take shawara ba.

Lissafin lodi

Ɗauki takarda da biro ka zagaya gidan. Kowane kayan wuta yana da ɗan rubutu a baya ko a ƙasansa da ke faɗin wat nawa yake ci. A ce gida ne matsakaici: ƙwan LED goma, kowanne wat 10, ɗari ke nan. Fankar sama huɗu, kowace kamar wat 75, ɗari uku. Talabijin da dikoda, a ce 120. Cajin wayoyi, 30. Firizar uwargida ta ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, wat 150 zuwa 200 in tana cikin aiki. Duka-duka kimanin wat 750. Mutum zai yi mamakin ƙanƙantar adadin, domin abubuwan da muka fi gani su ne suka fi ƙarancin ci.

Masu cin wutar gaske su ne masu zafi. Dutsen guga wat dubu ne zuwa sama. Butar lantarki 1,500 zuwa 2,200. Hitar ruwa da ake tsomawa a bokiti da rishon lantarki duk sahunsu ɗaya. Buta ɗaya ta fi gidan nan gaba ɗaya ci, ninki biyu ma. Kuma a ganina dafa ruwa da wutar janareto asara ce tsagwaronta: ka ƙona fetur ya zama zafi, a juya kaso kaɗan na zafin ya zama lantarki, sannan ka sake mai da lantarkin zafi. Gara a ɗora tukunya a kan gas ko gawayi. In an cire masu zafin nan daga lissafi, sai girman injin da gida ke buƙata ya ragu da kusan rabi.

Sai abin da ke kashe janaretoci da yawa, wanda yaron shago ba zai faɗa maka ba, watakila shi ma bai sani ba. Duk abin da ke da mota a cikinsa, wato firji, firiza, esi, famfon tura ruwa tanki, yana fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar farko da zai tashi, ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci in ya daidaita, wani lokaci har fiye. Kamar mai tura amalanke ne cike da jarkoki: wahalar tana wajen motsa ta daga tsaye, in ta fara gangarawa hannu ɗaya ya isa. Firizar da ke cin wat 200 tana iya neman 800 ko dubu a lokacin tashi, kuma ba sau ɗaya take tashi ba. Duk sa'ad da ta huta ta dawo sai ta sake fizgar. Wannan gurnanin da kake ji da tsakar dare shi ne.

Saboda haka lissafin hawa biyu ne. Tara abin da komai ke ci a tare, sannan ka ƙara fizgar tashin mafi girman mai mota a cikinsu. A gidan misalinmu, 750 a ƙara kamar 700, ya ba da kusan 1,450. A bar wa injin sarari na kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari don kada ya yi ta aiki a maƙure. Janareto mai kilowat 2 na gaskiya, wato wat dubu biyu, ya wadatar.

Da zarar famfon ruwa ya shigo, magana ta canja. Famfo mai doki ɗaya, wanda ake rubutawa 1HP, ƙarfin da yake bayarwa wat 746 ne, amma abin da yake ja daga soket ya kan haura dubu, tashinsa kuma yana iya neman dubu uku. A nan dabara ta fi kuɗi aiki. In za a cika tanki, a kashe firiza, a tayar da famfo shi kaɗai tun injin bai ɗauki komai ba, in ya daidaita a kunna sauran. Minti talatin ko arba'in ne a rana. Babu hikima a sayen inji mai kilowat 5 da zai yi ta shan mai awa biyar kowane dare saboda aikin rabin awa. Esi kuwa, in na gargajiya ne mai doki ɗaya da rabi, to shi kaɗai ya isa ya tura ka ajin kilowat 4 zuwa 5. Sababbin nan masu inbata suna tashi a hankali ba tare da fizga ba, shi ya sa ƙananan injuna ke iya riƙe su.

Lambar tanki da lambar gaskiya

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tanki sau da yawa sunan samfuri ce kawai. Ba alkawari ba ce. Ainihin bayanin yana kan wani ɗan allo ko sitika a gefe, inda za ka ga adadi biyu: ƙarfin da injin zai iya riƙewa na dogon lokaci, da kuma iyakar da zai iya taɓawa na ɗan lokaci. Da na farkon ake lissafi. In kuma da kVA aka rubuta, ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka da 0.8 a samu kilowat. 5kVA kilowat 4 ne, 2.5kVA kilowat 2.

To in sitikar ma ta yi ƙarya fa? Akwai shaidar da ba ta iya ƙarya, ita ce girman injin kansa. Mafi yawan ƙananan janaretocin da ke kasuwanninmu, ko da wane suna aka liƙa musu, injinsu kwaikwayon na Honda samfurin GX ne. Ajin farko shi ne mai cc 163 zuwa 212, wanda za ka ga an buga 168F ko 170F a jikin ƙarfensa. Wannan, komai kirarin da aka yi masa, wutar da zai riƙe tana tsakanin kilowat 2 zuwa ƙasa da 3. Aji na biyu shi ne mai cc 389 zuwa 420, mai lamba 188F ko 190F, wanda ke ba da kilowat 5 zuwa 6. In ka ga injin 168F an rubuta masa 4.5kVA, ka san fenti ne. Sunkuya ka duba lambar da ke jikin ƙarfe, kusa da wurin zuba baƙin mai. Minti ɗaya ne.

Sai kwayil. Kowane mai shago zai rantse maka nasa jan ƙarfe ne zalla. Bambancin gaskiya ne: alminiyom yana ɗaukar wuta kimanin kashi 61 cikin ɗari na abin da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka, don haka ya fi saurin zafi, kuma in ya ƙone naɗa shi ya fi wuya. Matsalar ita ce ana shafa wa wayar alminiyom ruwan da ke sa ta yi ja, ido ba zai raba ba. Abin da ke tona asiri shi ne nauyi. Injuna biyu masu girma ɗaya, ka ɗaga wannan ka ɗaga wancan, mai nauyin shi ne ya fi kusa da gaskiya. In da hali ka tafi da mai naɗin kwayil da ka yarda da shi, ka ba shi na shayi. Shi ne ke ganin cikinsu kullum, ya san wanda ke yawan dawowa.

Akwai kuma harajin da ƙasarmu ke karɓa. Injin fetur da iska yake numfashi, kuma iska tana sirancewa in an hau tudu ko an yi zafi. Littafin Honda ya ce ƙarfi yana raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari a kowace mita 300 ta tsawo daga teku. Kano tana wajen mita 480, asarar kaɗan ce. Jos kuwa tana kusan mita 1,200, wato kusan kashi 14 ya tafi tun ba a jona komai ba. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da ma'auni ke haura 40, shi ma yana cin nasa kason, a daidai lokacin da aka fi matsa wa injin da fankoki da firiza. Sararin nan na kashi 25 da na ambata, ga inda yake tafiya.

Gona

A nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Mutum zai ce bari ya sayi babban janareto guda, da rana a kai shi gona ya yi ban ruwa, da dare a dawo da shi gida. A baki abin ya tsaru. A aikace taura biyu ce.

Tambayar farko a gona ba ta janareto ba ce, ta ruwa ce: ina yake, kuma nawa ne zurfinsa? In kana fadama, ko bakin kogi, ko gefen kanal irin na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, ko ƙasan Bakolori, ruwanka a kusa yake. Abin da kake buƙata injin ban ruwa ne mai inci biyu ko uku, wanda fetur ke juya famfonsa kai tsaye. Irinsa ne shirin Fadama ya baza a Arewa tun farkon shekarun 1990 tare da ƙananan rijiyoyin tiyo. Mai inci uku yana iya tura wajen lita dubu a minti ɗaya da injin da bai fi na ƙaramin janareto ba. In ka ce sai ka bi ta lantarki, inji ya juya kwayil, wuta ta bi waya, ta juya mota, mota ta juya famfo, to a kowace gaɓa ana zubar da wani kaso, kuma kai ke biya a gidan mai. Ga shi injin ban ruwa ya fi araha, mutum ɗaya ya ɗaure shi a bayan mashin.

Iyakarsa ita ce zuƙa. Duk famfon da ke zaune a sama yana janyo ruwa daga ƙasa ba ya wuce mita bakwai zuwa takwas, ko wane kamfani ya ƙera shi, domin nauyin iska ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. Shi ya sa a ƙarshen rani, in ruwa ya yi ƙasa, za ka ga manoman shinkafa da albasa sun haƙa rami sun saukar da injin ciki don ya kusanci ruwa. Mai sabon shiga sai ya ɗauka injinsa ne ya gaji, ya je ya sayo babba, ruwa kuma ya ƙi zuwa.

In ruwan ya wuce wannan zurfin, sai rijiyar burtsatse da sumo, famfon nan da ake zurawa cikin ruwa. A nan ne janareto ya samu aiki na gaskiya a gona, kuma a nan ne fizgar tashi ta fi tsanani, domin sumo yana tashi ne da nauyin ruwa a kansa. Masu ƙera irin wannan famfo kan ba da shawarar janareto mai kilowat 2.5 zuwa 4 ga sumo mai doki ɗaya kacal. In injin ya gaza, sumon ba zai mutu nan take ba; zai yi ta aiki da raunanniyar wuta yana zafi a can ƙasa inda ba mai ganinsa, har ranar da zai yi shiru. Fito da shi da gyara shi sun fi bambancin kuɗin da aka yi wa rowa.

Waya ma tana da nata. Na taɓa tsayawa a wani lambu inda mai shi ke faɗa da bakanike a kan janareto lafiyayye. Injin yana ƙarƙashin mangwaro kusa da bukka saboda ɓarayi, rijiya tana can kusan mita ɗari, an haɗa su da siririyar wayar gida mai 1.5, an yi mata ɗauri uku da leda. Bakaniken ya ce, "Baba, ba injin ba ne, a hanya wutar ke zubewa." Gaskiyarsa. A irin wannan tsawo, siririyar waya tana iya cinye wajen bolt 60 a lokacin tashi, sai abin da ya isa famfo ya kasa juya shi. Ko a matso da injin, ko a sayi waya mai kaurin 4. Ya zaɓi ya matso da injin, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin turke.

Kafin mai burtsatse ya yanke shawara, ya kamata ya auna sola. Ban ruwa aikin rani ne, aikin rana ne, kuma tanki ko kududdufi na iya ajiye ruwan da aka ɗebo da rana, ba sai an sayi batir ba. Kuɗin farko ne mai nauyi. Ga wanda ke kunna famfo awa biyar ko shida kullum har wata huɗu, kuɗin man kaka biyu ko uku abin a zauna a lissafa ne. Hazon hunturu yana rage ƙarfinta, sai an riƙa goge allunan, shi ya sa wasu ke ajiye ƙaramin janareto a gefe.

Mai kaji lissafinsa daban ne. Injin ƙyanƙyasa ba ya cin wuta da yawa, amma ƙwai yana son zafin da bai yi nisa da 37.5 ba har kwana 21, dare da rana. Abin da yake nema ɗorewa ce, ba ƙarfi ba. Ƙananan janaretocin fetur iska ce ke sanyaya su, ba a yi su don aikin awa 24 ba. Ƙanana biyu da za su riƙa karɓa-karɓa, ko batir da inbata da janareto zai riƙa cajawa, sun fi ƙato ɗaya wanda in ya tsaya komai ya tsaya. Niƙa da casar shinkafa kuwa an daɗe da gane cewa injin dizal mai bel ya fi. Tsofaffin Lister na Ingila, da kwaikwayonsu na Indiya, a hankali suke juyawa, shi ya sa za ka tarar da wanda kaka ya saya jika yana niƙa da shi. In kuma injin casarka mai motar lantarki ce fes uku, to janareto fes uku za ka nema, amma ka sani ƙarfinsa a rabe yake gida uku. In ka kawo shi gida ka jona a layi ɗaya, sulusi kawai za ka samu.

Fetur, gas, ko iskar gas

Dizal, wanda muke ce wa gas, ya fi fetur auki: lita ɗaya tana ba da wajen yunit uku. Amma injinsa ya fi tsada, ya fi nauyi, gyaran nozul da famfon mansa ba na kowane bakanike ba ne, kuma ba ya son zaman banza. In ana yawan barinsa da lodin da bai kai sulusin ƙarfinsa ba, sai ya fara tara baƙin maiƙo a salansa. Na mai aiki ne mai tsawo da nauyi. A cikinsu ma akwai aji: ƙananan masu juyi 3,000 masu ƙara kamar ana fasa dutse, da manyan masu lagireto da ke juyi 1,500, waɗanda su ne ke shekaru.

Tun bayan cire tallafi mutane da yawa, har da manoman rani, sun sauya kafireto suka koma tukunyar iskar gas. A ma'aunin ƙarfi kilo ɗaya na iskar gas ya yi daidai da kusan lita ɗaya da rabi ta fetur, ɗan ƙasa kaɗan, don haka kowa na iya kwatanta farashin garinsu ya ga ko akwai riba. Injin yana ɗan rasa ƙarfi, kamar kashi goma, amma filogi da baƙin mai sun fi daɗewa da tsabta, kuma iskar gas ba ta lalacewa in an ajiye, saɓanin fetur da ke daskarewa a kafireto in inji ya yi watanni a zaune. Haɗarin yana wajen tiyo da regileta marasa kyau da kuma ajiye tukunya kusa da salansa.

Ƙaramin Tiger kuwa, wanda 'yan kudu suka yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", a bar shi a matsayinsa: ƙwai, fanka ɗaya ko biyu, askin shago. Ana gauraya masa baƙin mai a fetur, hayaƙinsa ya fi na kowa, wutarsa tana hawa da sauka. Firiza ba sa'arsa ba ce. A ɗaya gefen akwai janareto mai inbata, wanda ke rage gudu in lodi ya ragu, don haka ya fi tsimin mai, ya fi shiru, wutarsa kuma lafiyayya ce ga kwamfuta da talabijin. Aibinsa tsada, da kuma cewa in allon cikinsa ya ƙone ba a naɗa shi kamar kwayil, sai dai a nemo sabo. Kafin ka saya, tambayi masu safaya a garinku ko suna da shi. Wannan tambayar ta shafi kowane inji ma: wanda za a samu kafiretonsa da AVR ɗinsa (na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta) a Sabon Gari ko Panteka ko Katako yau-yau ya fi wanda sai an aika Alaba. Sannan a yi hattara da na gwanjo daga Amurka. Wutarsu 120 ce mai 60Hz, an saita injin a juyi 3,600. Ko yana da soket na 240, motocin firji da famfonmu ba don wannan gudun aka yi su ba.

Abin da ba a gani

Hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, abin da kowa zai ce zazzaɓi ne ya nemi Panadol ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya ma jin komai. Kusan kowace damina sai an ji labarin gidan da aka wayi gari babu mai motsi, kuma hanyar ɗaya ce: hadari ya taso ko ana tsoron ɓarawo, aka shigo da inji zaure ko kicin ko lungun bene, aka rufe ƙofa. Hukumar CDC ta Amurka ta ce a nisanta shi ƙafa 20, wajen mita shida, daga ƙofa da taga. A gidajenmu na cikin gari wannan ba kullum yake yiwuwa ba, amma aƙalla ya zama a fili ƙarƙashin sama, bakin salansa ya juya wa tagogi baya, har da tagar maƙwabci. Kejin ƙarfe mai rufin kwano da buɗaɗɗen gefe yana maganin ruwa da ɓarawo a lokaci guda. A gona ma haka: kada a zura injin ban ruwa cikin rijiya yana aiki sannan mutum ya bi shi, hayaƙin a ciki yake taruwa.

Na biyu shi ne jona janareto a soket ɗin bango ba tare da cenji-oba ba, wato makunnin da ke raba gida da wutar layi in an koma janareto. In aka manta ba a cire fis ba, wutarka tana fita ta bi layi ta shiga taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta tarar da ma'aikacin da ya hau turke yana ganin layi a kashe yake. In kuma aka kawo wuta a wannan hali, kwayil ɗinka ne zai fara tafiya. Cenji-oba bai kai kuɗin cika tanki sau biyu ko uku ba. Kuma kada a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi. A kashe, a ba shi 'yan mintoci.

Baƙin mai shi ne ran injin, kuma a nan ana yawan ruɗewa. Littafi ya ce a canja bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Wasu samfuran ma awa 50 suka ce. Mutane sai su riƙe wata shidan su manta da awannin. Mai kunna inji awa biyar kowane dare ya cika awa 100 a kwana 20. Wanda ke kai shi gona da rana ya dawo da shi gida da dare, kwana goma ma ba zai kai ba. Ƙaramin inji bai fi lita 0.6 yake sha ba, babban 1.1, ba kuɗin kirki ba ne. Soson iska kuma a hunturu sai an riƙa wanke shi kusan kowane mako, domin ƙurar da ta wuce shi ita ke cinye ringi, inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Man 'yan bumburutu, in dole ta sa, a tace shi da kyalle mai tsabta.

Ranar da za ka je kasuwa, saka dutsen guga da butar lantarki a jaka. In yaron shago ya tayar da injin ya kawo ƙwansa, ka ce ya bar shi a jone, ka ƙara dutsen gugar, sannan butar da ruwa a ciki. In dutsen mai wat dubu ne butar kuma 1,500, ka ɗora wa injin kilowat biyu da rabi ke nan, gwajin injin da aka ce ƙarfinsa ya kai haka. Dubi ƙwan ko zai dushe, dubi allurar mita ko za ta faɗi ƙasa da 200, saurari ko muryar injin za ta dawo daidai bayan ta nutsa. Bar shi haka har ruwan ya tafasa. In mai shago ya ce ba a yin haka a shagonsa, akwai wani shagon a gaba.